Yadda ake ɗaura tsarin fayil na filash a kan rauta da ƙananan na'urori

Ranar Asabar da ta wuce yaron shagona ya dawo daga Adum, nan cikin Kumasi, da rauta guda uku a leda, hannun masu kondem ya saye su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, biyu suna kama wuta amma ba sa gama tashi, ɗaya kuma tana tashi sai dai duk saitin da ka yi mata tana mantawa da zarar an kashe. Muna zaune a shago nan Aboabo ina shan koko sai na ji yana cewa, Masta, abin nan ya ƙi, wai Block device required. Na leƙa na ga ya rubuta mount /dev/mtd4 /mnt, wato umarnin ɗaura tsarin fayil don a ga fayilolin da ke ciki, kamar wanda ya soka filashin USB a kwamfuta. Kafin in haɗiye kokon da ke bakina har ya fara rubuta mkfs.ext4 a kan mtdblock4, wai bari ya yi fomat tukun. Wallahi sai da na riƙe hannunsa. Na ce ƙanena, tsaya, wannan abin da kake shirin yi shi ne ke mayar da na'ura mai rai kondem na gaske.

Abin da na koya masa ran nan shi ne zan faɗa a nan, don na san akwai 'yan'uwa da yawa a Asawase da Sabon Zango da Alabar da ke gyaran rauta da dikoda da na'urar kyamarar tsaro, hannunsu ya iya soda sosai amma da an zo wajen Linux ɗin da ke ciki sai a fara lalube cikin duhu.

Farko dai ka san wane irin filash ne a gabanka. Iri biyu ne. Akwai wanda ke da ɗan kwantirola a cikinsa mai ɓoye duk wahalar, wato katin memori da filashin USB da eMMC, waɗannan Linux na ganinsu kamar faifai ne kawai, sunansu /dev/mmcblk0p1 ko /dev/sda1, ka sa musu ext4 ko vfat ko f2fs ka ɗaura yadda ka saba, babu wani dogon zance. Sai kuma ɗanyen filash, NOR da NAND, wanda aka manna kai tsaye a jikin bod ba mai tsaya masa. Shi muke magana a kai. NOR shi ne ɗan ƙaramin aisi mai ƙafa 8 ɗin nan da za ka ga an rubuta 25Q64 ko 25Q128 a bayansa, na farko megabait 8 na biyu 16. NAND ya fi girma, sau da yawa mai ƙafa 48, megabait 128 ko 256 ko sama.

Ɗanyen filash kamar allon makaranta yake. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san in ka rubuta da tawada ba ka iya ɗora wani rubutu a kan na farko, sai ka wanke allon gaba ɗaya ya bushe sannan ka sake. Haka filash, rubutu yana iya juya 1 ya koma 0 ne kawai, in kana son 0 ya dawo 1 to sai an goge bulok guda cur, a NOR yawanci kilobait 64, a NAND yawanci 128 mai ɗauke da shafuka na bait 2048 kowanne. Kuma kowane wanki yana cin jikin allon, NOR mai kyau yana jure gogewa wajen sau 100,000 a kowane bulok, wasu NAND masu araha kuwa 'yan dubbai ne kawai. NAND ma tun daga masana'anta yake zuwa da matattun bulok a ciki, wasu kuma su mutu a hanya. To ext4 bai san komai a kan wannan ba, shi zai yi ta dirzar wuri ɗaya har ya huje. Shi ya sa Linux ke da sashe na musamman mai suna MTD da tsarin fayil na musamman da suka san halin abin.

Ka haɗa wayar siriyal ɗinka, irin mai CH340 ko CP2102, GND da TX da RX kawai, a kan 3.3 bolt, kar ka haɗa ƙafar wuta, gudun 115200 ne a yawancinsu. In na'urar na da SSH ma ya isa. Da ka samu shiga, abu na farko:

cat /proc/mtd

A rauta mai megabait 8 da OpenWrt, wato irin Linux ɗin da ake zuba wa rauta, za ka ga wani abu kamar haka:

mtd0: 00020000 00010000 "u-boot"
mtd1: 007d0000 00010000 "firmware"
mtd2: 00180000 00010000 "kernel"
mtd3: 00650000 00010000 "rootfs"
mtd4: 00330000 00010000 "rootfs_data"
mtd5: 00010000 00010000 "art"

Lamba ta farko girman yanki ne, ta biyu girman bulok na gogewa, 00010000 shi ne kilobait 64, in ka ga 00020000 to 128 ne kuma mai yiwuwa NAND kake riƙe da shi. Rubuta lambar nan a takarda, za ka neme ta an jima. Ka lura kuma kowane yanki fuska biyu gare shi, /dev/mtd4 da /dev/mtdblock4. Na farko shi ne na gaskiya, da shi ake karantawa da gogewa da rubutawa. Na biyu kwaikwayon faifai ne kawai, in ka rubuta bait ɗaya ta cikinsa sai ya kwashe bulok ɗin duka zuwa RAM, ya goge, ya mayar, ba ya raba gajiya tsakanin bulok, ba ya tsallake matattu, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuma kilobait 64 sun tafi ke nan.

Yanzu kafin ka taɓa komai, kwafi. Zan daɗe a nan don a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani dattijo mai sayar da intanet ga 'yan haya a gidansa ya kawo min rautarsa ta ƙi tashi, na ciro aisin na ɗora a CH341A, ɗan abin karantawa da rubuta aisi, na zuba masa famwaya cikakke da na samo daga wata rauta, ban karanta abin da ke ciki na ajiye ba don a ganina ai ya riga ya lalace. Rauta ta tashi lafiya lau, amma wayales ya zama kamar babu, sai ka manna waya a jikinta kafin ka ga sanda ɗaya. Na share yankin art, wato ɗan kilobait 64 ɗin ƙarshe inda masana'anta ke ajiye ma'aunin rediyon wannan bod ɗin shi kaɗai a rautocin Atheros, kuma ba a samunsa a ko'ina in ya tafi. Baba ya dube ni ya ce, ɗana, da ita nake sayen maganin hawan jini. Har yau ina jin maganar nan a ƙirjina, na saya masa wata da kuɗina amma kwana huɗun da ya yi ba ciniki ba zan iya mayar masa ba. Tun ran nan ba na taɓa na'urar kowa sai na kwashe komai.

A NOR abu ne mai sauƙi:

dd if=/dev/mtd5 of=/tmp/art.bin
dd if=/dev/mtd0 of=/tmp/uboot.bin

haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A NAND kar ka yi amfani da dd, yi da nanddump don shi ya san matattun bulok:

nanddump -f /tmp/mtd4.bin /dev/mtd4

Ka tuna /tmp a RAM yake, ana kashe na'ura ya ɓace, kuma ƙarami ne, don haka kowane fayil ka jawo shi zuwa laftof nan take da scp sannan ka share. In scp ya yi maka gardama a kan sftp ƙara masa -O, sabon OpenSSH tun 2022 ya canza hanya, dropbear, ƙaramin SSH ɗin da ke cikin rauta, kuwa tsohuwar hanya ya sani. Ka buga md5sum a ɓangarorin biyu ka ga lambobin sun yi daidai. In da CH341A kake karantawa da flashrom, karanta sau biyu ka gwada su, ɗan makamin nan mai cizon ƙafafu yana yawan zamewa ya ba ka shara kana zaton kwafi ne. Kuma ka auna ƙafafun CH341A ɗinka da mita, wasu baƙaƙen nan suna fitar da bolt 5 a layin bayanai alhali aisin na 3.3 ne.

Sai ka duba me kanel ɗin na'urar, wato zuciyar Linux ɗinta, ya iya:

cat /proc/filesystems

In babu jffs2 ko ubifs a jerin, duk umarnin da za ka buga ba zai yi ba, sai dai ka kai kwafin laftof, zan zo kan wannan.

Mu fara da squashfs don shi ba ya da rigima. Na karatu ne kawai, a matse yake, ya shiga kanel a 2009, kuma yawancin masu ƙera rauta da dikoda shi suke zuba ainihin tsarinsu a ciki. Tunda ba a rubutu a kansa, mtdblock ba ya cutar da shi a NOR:

mount -t squashfs /dev/mtdblock3 /mnt

In ka ji wani yana kukan wai ya kasa canza fayil a ciki, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi. Dabarar OpenWrt ita ce ta ajiye squashfs a /rom, ta ajiye yankin rootfs_data a /overlay, sai overlayfs ya haɗa su su zama kamar abu ɗaya, duk canjin da ka yi a saman yake sauka, na ƙasa na nan yadda yake. Shi ya sa umarnin firstboot ke mayar da rauta sabuwa, saman kawai yake sharewa.

JFFS2 shi ne tsohon hannu, David Woodhouse ya rubuta shi a Red Hat a 2001 a kan JFFS na farko da kamfanin Axis na Suwidin ya yi, kuma har gobe shi ne daidai da ƙaramin NOR. Ana ɗaura shi haka:

mkdir -p /mnt/data
mount -t jffs2 -o ro /dev/mtdblock4 /mnt/data

ko da suna, wanda ni na fi so don lamba kan canza daga famwaya zuwa famwaya amma suna na nan:

mount -t jffs2 -o ro mtd:rootfs_data /mnt/data

Dole ka sa -t jffs2, ba ya gane kansa. Kar mtdblock da ke cikin umarnin ya ruɗe ka, JFFS2 lambar kawai yake ɗauka daga sunan, aikinsa kai tsaye da MTD yake yi. Kuma ka ga na sa ro, da gangan ne, kullum fara da karatu kawai, don da zarar ka ɗaura shi da izinin rubutu yana da mai shara a bayan fage da zai fara goge bulok ɗin da ya ga kamar datti ne, in ka yi kuskuren yanki to abin mutane yake sharewa. Sai ka leƙa ka tabbata abin da kake nema ne sannan ka buga mount -o remount,rw /mnt/data.

Bayan kowane mount buga dmesg ka karanta ƙarshensa, a nan na'ura ke faɗin ciwonta. In ka ga layuka rututu na Magic bitmask 0x1985 not found, ma'ana ya duba bai ga hatiminsa ba, ko dai yankin ba JFFS2 ba ne, ko girman bulok bai dace ba, ko jerin bait ɗin a juye yake. In ka ga Cowardly refusing to erase blocks, ya ƙi taɓa wurin ne don bai ga ko fayil ɗaya nasa ba, ka gode masa ka koma ka duba lamba. Too few erase blocks kuwa yankin ya yi ƙanƙanta, yana son aƙalla bulok 5. Kuma in ya daɗe kafin ya ɗauru ka yi haƙuri, sai ya karance yankin duka kafin ya san inda komai yake, wannan ne ma rauninsa a babban filash.

Rauta ta ukun nan mai mantuwa, a nan matsalarta take, rootfs_data ya dagule har tsarin ya koma ajiye saiti a RAM. Bayan mun yi kwafi muka wanke allon:

flash_erase -j /dev/mtd4 0 0

-j ɗin yana sa wa kowane bulok alamar cewa a wanke yake don JFFS2, sifili biyun kuma na nufin daga farko har ƙarshe. Duba lambar sau uku kafin ka danna, kuma yankin ya zama ba a ɗaure yake ba. A OpenWrt umarnin mtd erase rootfs_data ma yana yi. Muka sake kunna ta, yaro ya sa suna da faswod, ya zare wuta ya mayar, saiti na nan daram.

NAND kuma sai UBI da UBIFS. Mutanen Nokia ne suka yi UBIFS tare da Jami'ar Szeged ta Hungari, ya shiga kanel 2.6.27 a 2008. Abin da ke rikita mutane shi ne hawa biyu ne. UBI na ƙasa, shi ne kamar malamin da ke da alluna da yawa yana juya su tsakanin almajirai don kar ɗaya ya cinye, yana ƙirga sau nawa aka wanke kowanne, wanda ya tsage ya ajiye shi gefe ya ɗauko na ajiya, yakan ware wajen bulok 20 cikin kowane 1024 don haka. UBIFS na sama, shi ke riƙe da fayiloli. Don haka ba ka ɗaura mtd kai tsaye, sai ka fara haɗa shi da UBI:

ubiattach -m 4
ubinfo -a
mount -t ubifs -o ro ubi0:rootfs_data /mnt/data

ubinfo ne zai nuna maka sunayen rabe-raben da ke cikin UBI, wato volume, ka ɗauki suna daga nan kar ka yi zato. Kula, babu /dev/mtdblock a nan ko kaɗan. In ubiattach ya ƙi kuma dmesg na maganar VID header offset, gwada ubiattach -m 4 -O 2048, wannan na faruwa in an gina hoton, wato fayil ɗin tsarin da ake zubawa a filash, don NAND marar ƙananan shafuka. In ɗaya daga ciki squashfs ne aka zuba a UBI, kamar yadda OpenWrt ke yi, sai ka buga ubiblock --create /dev/ubi0_1 ka ɗaura /dev/ubiblock0_1. Ka sani kuma ubiattach kansa yana iya rubutu a filash ko da ka sa ro a sama, shi ya sa kwafi ke zuwa kafin shi.

In sabon yanki kake so daga tushe:

ubiformat /dev/mtd4
ubiattach -m 4
ubimkvol /dev/ubi0 -N data -m
mount -t ubifs ubi0:data /mnt/data

Yi da ubiformat, kar ka yi da flash_erase a wurin da UBI ya taɓa zama, don ubiformat yana adana ƙidayar wankin kowane bulok, ɗayan kuwa share ta yake yi sai malam ya rasa wane allo ne ya tsufa. In da laftof kake gina hoto da mkfs.ubifs, lambobin -m da -e dole su dace da aisin, ga bulok na kilobait 128 da shafi 2048 lambar -e 126976 ce, in yana da ƙananan shafuka na 512 kuma 129024. Fayil mai ƙarewa da .ubifs ana zuba shi da ubiupdatevol, wanda ubinize ya haɗa mai .ubi kuwa da ubiformat -f. Na ga mutane da dama sun musanya su suna mamakin me ya sa na'ura ta yi shiru. In tsarin ne gaba ɗaya zai tashi daga nan, a U-Boot, ɗan shirin da ke tayar da kanel, bootargs ya ƙunshi ubi.mtd=4 root=ubi0:rootfs rootfstype=ubifs. In ka gama, umount sannan ubidetach -m 4.

Rautoci biyun da ba sa tashi fa, su a laftof muka buɗe cikinsu, kuma ni a ganina nan ya kamata kowane mai koyo ya fara don in ka ɓata ba ka ɓata na kowa ba. Saka mtd-utils da binwalk, binwalk zai nuna maka inda kowane tsari ya fara a cikin kwafin ka yanko shi da dd. Squashfs unsquashfs ya ishe shi. JFFS2 kuwa sai ka ƙirƙiri filash na ƙarya a RAM:

modprobe mtdram total_size=16384 erase_size=64
modprobe mtdblock
cat /proc/mtd

Layin ƙarshen nan kar ka tsallake shi, a wasu laftof mtd0 shi ne aisin BIOS ɗin laftof ɗin kansa, ka nemi wanda aka rubuta mtdram a sunansa. In mtd0 ne to dd if=data.jffs2 of=/dev/mtd0 sannan ka ɗaura mtdblock0 da -t jffs2. erase_size ɗin shi ne lambar da na ce ka rubuta a takarda. Yawancin tsofaffin rautocin Atheros suna jera bait daga babba, laftof kuma daga ƙarami, in ka ga kukan 0x1985 juya shi da jffs2dump -b -c -e sabo.jffs2 data.jffs2 ka zuba sabon. Na NAND kuma nandsim ne, modprobe nandsim first_id_byte=0x20 second_id_byte=0xaa third_id_byte=0x00 fourth_id_byte=0x15 zai ba ka megabait 256 mai shafi 2048, ka zuba da ubiformat -f ka ci gaba kamar a kan na'ura.

Saura maganar wuta, wadda mu da muka sha dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar Ghana, ba sai an yi mana bayani ba. JFFS2 da UBIFS an gina su su tsira in wuta ta ɗauke, tsarin ba ya rushewa, amma UBIFS yana riƙe sabon rubutu a RAM na ɗan lokaci kafin ya sauke, to in ka canza saiti aka ɗauke wuta nan take sai ka tarar da fayil fanko. Don haka bayan duk rubutu mai muhimmanci buga sync. In sikirif kake rubutawa, rubuta a sabon fayil, yi sync, sannan mv ya hau kan tsohon. Yankin saiti da ba a yawan taɓawa kana iya ɗaura shi da -o sync gaba ɗaya. Abin da ke rubutu kowane minti kamar log kuwa kai shi tmpfs, wato RAM, ko katin memori, kar ka bar shi yana cin NOR, na buɗe na'urori da yawa da wannan kaɗai ya kashe su. In wata rana ka ga UBIFS ya koma karatu kawai da kansa, kar ka yi ta tilasta masa da remount, kuskure ya gani ya kulle don ya kare abin da ya rage, karanta dmesg ka kwashe fayilolin tukun.

Cikin rautoci biyun nan da ba sa tashi, ɗaya kanel ɗinta ne ya lalace, U-Boot na nan lafiya, muka tura mata sabo ta tftp ta tashi. Ɗayar aisin ne ya gaji, karatu biyu ba sa taɓa yin daidai a tsakiya, amma ƙarshensa ya fito iri ɗaya sau uku, don haka muka ceci art ɗin, yaro zai koma Adum ranar Litinin ya samo sabon 25Q64 mu zuba mu manna.